Tallafin gwamnati da taimakon ofisoshin jakadanci ga masu fasaha a ƙasashen waje: tambayoyi da amsoshi

Mawaƙa da makaɗa da masu zane da marubuta da 'yan wasan kwaikwayo da masu shirya fina-finai sukan sami gayyata zuwa wata ƙasa, kuma da zarar gayyatar ta zo sai maganar kuɗi da takardu ta taso. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda aka fi yi game da abin da gwamnatoci ke bayarwa, da abin da ofishin jakadanci ke da ikon yi, da kuma abin da ake sa ran mai fasaha zai bayar a madadin taimakon da ya karɓa.

Me ya sa gwamnati ke kashe kuɗin jama'a a kan mai fasahar da zai yi aiki a wata ƙasa?

Gwamnati na yin haka ne domin tana sayen suna da farin jini a idon duniya, kuma ta lura cewa waƙa ko fim ko littafi na shiga wuraren da jawabin jakada ba ya kaiwa. Yarjejeniyar Vienna ta 1961 kan hulɗar diflomasiyya ta lissafa bunƙasa dangantakar al'adu a cikin ayyukan ofishin jakadanci, a jere ɗaya da dangantakar tattalin arziki da ta kimiyya. Al'adar kuwa ta girmi yarjejeniyar nesa ba kusa ba. Tun a 1666 Faransa ta kafa makarantar fasaha a birnin Rum domin ta riƙa aika matasan masu zane da masu sassaƙa su zauna a can da kuɗin sarki. Daga baya aka kafa cibiyoyin yaɗa harshe da al'adu a waje: Alliance Française ta Faransa a 1883, British Council ta Birtaniya a 1934, Goethe-Institut ta Jamus a 1951, Japan Foundation a 1972, sai Instituto Cervantes ta Sifaniya a 1991.

A zamanin yaƙin cacar baka manufar ta fito fili ba tare da wani rufa-rufa ba. A 1956 ma'aikatar harkokin wajen Amurka ta ɗauki nauyin tafiyar makaɗin nan baƙar fata Dizzy Gillespie da tawagarsa zuwa ƙasashe irin su Iran da Pakistan da Turkiyya da Girka, saboda Tarayyar Sobiyat na yayata labarin wariyar launin fata da ake nuna wa baƙaƙe a Amurka, ita kuma Amurka na son nuna wa duniya wata fuska dabam. Ƙananan ƙasashe ma ba a bar su a baya ba. Bayan Gini ta sami 'yancin kai a 1958, gwamnatin Sékou Touré ta mayar da tawagar raye-raye ta Les Ballets Africains, wadda Keïta Fodéba ya kafa, ta zama tawagar ƙasa mai zaga duniya da sunan sabuwar jamhuriyar. A yau kuma an ƙara da lissafin ciniki, domin ƙasar da waƙoƙinta da fina-finanta suka karɓu a waje takan ga ƙarin masu yawon buɗe ido da masu sayen kayanta, kamar yadda aka gani da Koriya ta Kudu.

Wace hukuma ya kamata mai fasaha ya nufa?

Akwai ƙofofi uku. Ta farko ita ce ta ƙasarsa, wato ma'aikatar al'adu, ko majalisar fasaha mai cin gashin kanta irin Canada Council for the Arts da aka kafa a 1957 ko Pro Helvetia ta Suwizalan, ko kuma sashen al'adu na ma'aikatar harkokin waje. Ta biyu ita ce ta ƙasar da zai je, domin cibiyoyin al'adu na manyan ƙasashe ba 'yan ƙasarsu kaɗai suke tallafa wa ba, suna kuma gayyato baƙi. Ta uku ita ce ta ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa, kamar UNESCO, hukumar ilimi da kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ko shirin Creative Europe na Tarayyar Turai wanda aka ware wa Yuro biliyan 2.44 na shekarun 2021 zuwa 2027.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a fara da jakada. Mafi yawan ofisoshin jakadanci ba su da asusun ɗaukar nauyin tafiya, abin da ke hannunsu bai wuce ɗan kuɗin shirya liyafa ko taron ranar ƙasa ba. Kuɗin gaske yana can gida a hannun hukumar da ke da fom da wa'adin rufe karɓar takardu.

Wane irin tallafi ake samu?

Galibi ana biyan wani ɓangare ne na wani takamaiman aiki: kuɗin jirgi, masauki, guzurin kwana, jigilar kaya da inshorarsu. Samun hukumar da za ta riƙa biyan mai fasaha albashi domin kawai yana zaune a waje abu ne mai wuya ƙwarai.

Na biyu shi ne zaman aiki na ɗan lokaci, inda ake bai wa mutum ɗaki da wurin aiki da alawus na wasu watanni. Shirin baƙin masu fasaha na birnin Berlin, wanda ya fara a 1963 kuma hukumar musayar ilimi ta Jamus, wato DAAD, ke gudanarwa, yana cikin waɗanda suka fi suna, haka ma Cité internationale des arts da aka buɗe a Paris a 1965 mai ɗakunan aiki fiye da 300.

Marubuta nasu tsarin dabam ne, kuma yakan ba mutane mamaki. Hukumar NORLA ta Norway, wadda ke aiki tun 1978, da shirin TEDA na Turkiyya da aka fara a 2005, suna bayar da kuɗin fassara ne ga kamfanin ɗab'i na ƙasar waje da ya amince zai buga littafin. Saboda haka marubucin da bai riga ya sami mai buga masa littafi a can ba, babu abin da irin wannan asusu zai yi masa tukuna.

Sai kuma wakilcin ƙasa a manyan taruka. A baje kolin fasaha na Venice, wanda aka fara a 1895, ƙasashe kimanin 30 ne ke da rumfunan dindindin a lambun da ake kira Giardini, sauran kuma sai dai su yi hayar wuri a cikin gari da tsada. Wannan kaɗai ya isa ya nuna dalilin da ya sa wasu ƙasashe ke bayyana shekara guda su ɓace shekaru.

Dole ne sai mutum ya kasance ɗan ƙasa kafin ya cancanta?

Kowace hukuma da nata sharaɗin. Wasu na duba fasfo, wasu na duba inda mutum yake zaune yana biyan haraji, wasu kuma na haɗa biyun, kamar majalisar fasaha ta Kanada da ke karɓar ɗan ƙasa ko mai izinin zaman dindindin. Wanda ya fi shan wahala a nan shi ne mai fasahar da ya daɗe da barin gida amma bai sami cikakken izinin zama a inda yake ba, domin ƙasarsa na ganin ya tafi, ƙasar da yake ciki kuma na ganinsa baƙo. Irin wannan mutum ya fi samun sauƙi idan ya nemi tallafi ta hannun wata cibiya ko gidan wasa ko kamfanin ɗab'i mai rajista a ƙasar, wanda zai shigar da takardar da sunansa.

Ina mafita ga mai fasahar da gwamnatinsa ba ta ware komai don wannan ba?

Wannan shi ne halin da masu fasaha na ƙasashe masu tasowa da yawa ke ciki, kuma dokar ƙasa da ƙasa ta san da shi. Yarjejeniyar UNESCO ta 2005 kan kare bambancin al'adu da bunƙasa shi ta ƙunshi sashe na 16, wanda ya ɗora wa ƙasashe masu arziki nauyin sauƙaƙa wa masu fasaha na ƙasashe masu tasowa da kayan fasaharsu hanyar shiga. A rubuce alkawari ne mai kyau. A aikace kuwa jami'in biza ba ya aiki da shi, kuma har yanzu akan soke wasanni saboda an hana wasu daga cikin tawaga izinin shiga.

Yarjejeniyar ta kuma kafa asusun ƙasa da ƙasa na bambancin al'adu, wanda ke bayar da har dala 100,000 ga aiki guda. Sai dai asusun na hukumomin gwamnati ne da ƙungiyoyi masu zaman kansu, kuma ya fi karkata ga ayyukan gyara tsari da horarwa da ƙarfafa kasuwar fasaha. Mawaƙin da ke neman kuɗin jirgi ba zai sami biyan buƙata a nan ba. Abin da ya fi yi masa amfani shi ne ya sa masu gayyatarsa su nemi tallafin a ƙasarsu, tunda su ne ke da asusun da za su iya ƙwanƙwasawa, kuma ya tabbatar an rubuta a kwantiragi wanda zai biya kuɗin biza da wanda zai ɗauki asara idan ba a samu ba.

Ofishin jakadancin ƙasar mutum zai iya samar masa biza?

Ba zai iya ba. Bayar da biza ikon ƙasar da za a shiga ne ita kaɗai. Abin da gwamnatin mai fasaha za ta iya yi shi ne ta rubuta wasiƙar diflomasiyya ta tabbatar cewa tafiyar ta hukuma ce ko tana da goyon bayanta, kuma wannan yakan taimaka wajen samun ranar ganawa da wuri ko rage shakkun jami'i, amma ba ya tilasta wa kowa komai.

Abin da ya fi wasiƙar muhimmanci shi ne neman nau'in bizar da ta dace da aikin. A Amurka bizar ziyara ba ta halatta wasan da za a biya mutum ba. Akwai O-1B ta wanda ya yi fice a fagensa, da P-1 ta tawagar da ta shahara a duniya, da P-3 ta masu gabatar da fasahar da ta keɓanta da wata al'ada, kuma mai gayyata a Amurka ne ke fara shigar da buƙatar a hukumar shige da fice kafin mai fasaha ya je ofishin jakadanci, abin da kan ɗauki watanni. Birtaniya na da hanyar da ke bai wa ƙwararren da aka gayyata damar yin aikin biya cikin wata guda da shigarsa. A yankin Schengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza guda, bizar gajeren zama ta kwana 90 ce a cikin kowane kwana 180, amma izinin yin aikin kuɗi kowace ƙasa ce ke yanke nata hukunci, don haka tawagar da za ta ratsa ƙasashe huɗu sai ta bincika dokoki huɗu. Wanda aka kama yana wasan kuɗi da bizar yawon buɗe ido yana iya rasa damar shiga ƙasar na shekaru, kuma babu jakadan da zai iya goge masa wannan tabo.

Yaya ake ƙetare kwastan da kayan kiɗa ko zane-zane?

Takardar da ake kira ATA Carnet ita ce kamar fasfon kaya. Cibiyoyin 'yan kasuwa ne galibi ke bayar da ita, tana aiki har tsawon shekara guda, kuma ƙasashe kimanin 80 ke karɓarta. Tana bai wa mutum damar shiga da kayan aiki ko kayan baje koli ba tare da biyan kuɗin fito ba, da sharaɗin cewa duk abin da aka lissafa zai sake fita. Idan aka sayar da zane ɗaya daga cikin jerin, wajibi ne a sanar da kwastan a biya harajinsa, in ba haka ba za a ci kuɗin jinginar da aka ajiye.

Makaɗa suna da wata matsalar ta dabam da ba kowa ya sani ba. Yarjejeniyar CITES ta 1973 ta taƙaita safarar sassan dabbobi da itatuwan da ke fuskantar barazanar ƙarewa, kuma kayan kiɗa da yawa na ɗauke da hauren giwa ko ƙoƙon kunkuru ko fatar guza ko ta mesa. Jami'in kwastan na da ikon ƙwace irin wannan kaya ko da na gado ne, matuƙar babu takardar shaida daga hukumar da ke kula da yarjejeniyar a ƙasar mai kayan. Ana neman takardar ne tun kafin a tashi.

Wace ƙasa ce ke karɓar haraji a kan kuɗin da aka samu a waje?

Ƙa'idar da yawancin yarjejeniyoyin haraji tsakanin ƙasashe ke bi, wadda ke sashe na 17 na samfurin yarjejeniyar haraji na OECD, ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta ƙasashen da galibinsu masu arziki ne, ita ce ƙasar da aka yi wasan a cikinta tana da ikon cire harajinta, ko da mai wasan kwana ɗaya ya yi. Amurka na cire kashi 30 cikin 100 na jimillar kuɗin baƙon mai wasa tun daga tushe, sai fa idan ya ƙulla yarjejeniya ta musamman da hukumar harajinsu aƙalla kwana 45 kafin wasan farko. Birtaniya na cire kashi 20. Saboda haka dole ne a tambayi mai gayyata ko adadin da ya faɗa kafin cire haraji ne ko bayansa, kuma a karɓi takardar shaidar abin da aka cire domin kada a sake biya a gida.

A nan ne tallafin gwamnati ke da wata fa'ida da ba a cika lura da ita ba. Yarjejeniyoyin haraji da yawa sun yafe wannan cirewa idan akasarin kuɗin tafiyar daga baitulmalin ƙasar mai fasahar ya fito. Takardar da ke tabbatar da hakan tana iya fin ainihin tallafin daraja.

Idan aka kama mai fasaha a waje, ko mai gayyata ya cinye masa haƙƙi, me ofishin jakadanci zai yi?

Sashe na 36 na yarjejeniyar Vienna ta 1963 kan hulɗar ƙananan ofisoshin jakadanci ya wajabta wa hukumomin da suka tsare baƙo su sanar da shi ba tare da jinkiri ba cewa yana da haƙƙin a gaya wa ofishin ƙasarsa, kuma su isar da saƙon idan ya nema. Jami'in ofishin na da damar ziyartarsa, da yin magana da shi, da taimaka masa ya sami lauya. Zai kuma iya sanar da iyalinsa, ya ba shi takardar tafiya ta gaggawa idan fasfonsa ya ɓata. Ba shi da ikon fito da shi daga hannun hukuma ko sa baki a shari'a, kuma galibin ƙasashe ba sa biyan kuɗin lauya ko na beli ko na asibiti. Mai fasfo biyu da aka kama a ɗaya daga cikin ƙasashensa yana iya tarar da cewa ba a yarda ɗaya ƙasar ta gan shi ba ma.

Rigimar kuɗi tsakanin mai fasaha da mai gayyata kuwa shari'a ce tsakanin mutum biyu, kuma abin da ofishin zai bayar bai wuce jerin sunayen lauyoyi ba. Rubutaccen kwantiragi da karɓar wani kaso kafin a hau jirgi su ne kariyar da ke hannun mutum.

Karɓar kuɗin gwamnati na ɗaure wa mai fasaha baki?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce nauyi, kuma ba za a amsa ta da a'a kai tsaye ba. Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma gwamnatin da ta biya kuɗin jirgi tana da askin da take jira, ko ta faɗa ko ba ta faɗa ba. Domin rage wannan ne Birtaniya, lokacin da ta kafa majalisar fasaharta a 1946, ta ɗauki tsarin da gwamnati ke bayar da kuɗi amma ƙwararru masu zaman kansu ke zaɓen wanda za a ba, kuma ƙasashe da yawa sun kwaikwaye ta. Tsarin ya fi rashinsa, amma tarihi ya nuna iyakarsa. A 2004 wani baje koli da aka yi a cibiyar al'adun Suwizalan da ke Paris ya yi wa wani minista na ƙasar ba'a, sai majalisar dokoki ta zabge faran miliyan ɗaya na kuɗin Suwizalan daga kasafin Pro Helvetia. A Koriya ta Kudu an gano a 2016 cewa gwamnatin Park Geun-hye ta tara sunayen masu fasaha fiye da 9,000 da ake hana tallafi saboda ra'ayinsu na siyasa, har aka gurfanar da ministar al'adu a kotu.

Wani lokaci ma mai karɓar bai san daga inda kuɗin ya fito ba. Ƙungiyar Congress for Cultural Freedom da aka kafa a 1950 ta tallafa wa mujallu da taruka a nahiyoyi da dama, ciki har da mujallar Transition da ake bugawa a Kampala, kuma sai a 1966 da 1967 aka fallasa cewa hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA ce ke zuba mata kuɗi. Marubuta da yawa da ba su ci ba su sha ba suka kwana da zargi.

Duk da haka karɓar tallafi bai mayar da kowa bawa ba. A watan Satumban 1957, lokacin da aka hana ɗalibai baƙaƙe tara shiga wata makaranta a Little Rock da ke jihar Arkansas, shahararren makaɗin nan baƙar fata Louis Armstrong ya fito fili ya soki shugaban Amurka Eisenhower, ya kuma fasa tafiyar da ake shirya masa zuwa Tarayyar Sobiyat da sunan gwamnati. Bayan shekara uku gwamnatin ta sake neman sa, ya zaga ƙasashen Afirka a 1960, domin tana buƙatarsa fiye da yadda yake buƙatarta. Ba kowane mai fasaha ke da irin wannan nauyi ba, shi ya sa ya kamata a karanta sharuɗɗan tun kafin a sa hannu, a ga ko akwai maganar duba aikin kafin a nuna shi, ko hana magana da 'yan jarida, ko damar janye kuɗi idan aka taɓa martabar ƙasa.

Idan gwamnatin mai fasaha ce da kanta ta juya masa baya fa?

Labarin mawaƙiyar Afirka ta Kudu Miriam Makeba, mai sukar mulkin wariyar launin fata, shi ne misalin da aka fi sani. A 1960 ta nemi komawa Afirka ta Kudu jana'izar mahaifiyarta sai ta tarar an soke fasfonta, kuma ba ta sake taka ƙasar ba sai 1990. A tsakanin nan Gini ta ba ta masauki da fasfon diflomasiyya, har ta wakilci ƙasar a babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya. A yau akwai tsare-tsaren da aka kafa musamman domin irin wannan hali. Ƙungiyar biranen mafaka ta ICORN, wadda aka kafa a 2006 kuma cibiyarta ke Stavanger a Norway, na haɗa marubuci ko mai fasahar da ke cikin haɗari da birnin da zai ba shi masauki da alawus, galibi na shekara biyu. Jamus ma na da shirin Martin Roth-Initiative da ke yin makamancin haka. Guraben kaɗan ne idan aka kwatanta da masu nema, kuma ba su ne takardar neman mafakar siyasa ba, wadda ke da tata hanyar ta shari'a.

Za a iya dogara da cewa tallafin da aka samu bana zai zo baɗi?

Ba za a iya ba, domin kasafin al'adu na cikin na farkon da ake taɓawa idan gwamnati ta sauya ko tattalin arziki ya matse. A 2008 gwamnatin Kanada ta soke shirin PromArt na ma'aikatar harkokin waje, wanda ke biyan kuɗin tafiyar masu fasahar ƙasar zuwa waje, alhali tawagogi sun saba tsara rangadinsu da shi.

Me ake buƙata wajen nema, kuma me ke biyo baya idan an samu?

Hukumomi kusan duka na neman abubuwa iri ɗaya: takardar gayyata mai ɗauke da ranaku da wuri da abin da mai gayyata zai ɗauka, samfurin aikin da aka yi a baya, taƙaitaccen tarihin sana'a, da kasafin da ya nuna sauran hanyoyin da kuɗi zai fito. Takardar da ta nemi hukuma ta biya komai da komai ita ce ta fi saurin faɗuwa, haka ma wadda ta yi ta yabon mai nema ba tare da ta bayyana su wane ne za su kalli aikin a can ba. Yawancin asusu ba sa biyan tafiyar da aka riga aka yi, kuma amsa kan ɗauki makonni ko watanni, saboda haka ana shigar da takarda ne da zarar gayyata ta tabbata.

Bayan an samu, akan saki wani kaso a riƙe sauran har sai an kawo rahoto. Rahoton ya ƙunshi rasit na kowane abin da aka kashe, da katin shiga jirgi, da shaidar cewa an yi wasan ko baje kolin, da hoton sanarwar da ta nuna tambarin hukumar. Idan ranar tafiya ta sauya, ko wani daga cikin tawaga ya fasa, ana sanar da hukumar a rubuce kafin a karkatar da kuɗin zuwa wani abu, domin wanda ya kashe tallafi a kan abin da ba a amince da shi ba ana iya neman ya mayar da kuɗin gaba ɗaya, a kuma rufe masa ƙofar nema na gaba.